Kwana Uku Na Yi Shiru a Kan Rijiyar Gidanmu

Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni. Wannan ce takarda ta huɗu da na fara rubuta miki, ukun farko na yayyaga su na cusa a murhu. Idan kin ga ina ta kewaye-kewaye ki yi haƙuri, maganar ce ta fi ƙarfin bakina. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan faɗi na garinmu ba, in kin karanta za ki gane dalili.

Shekaruna talatin da bakwai, 'ya'yana huɗu, sana'ata ɗinki. Ƙauyenmu ba shi da asibiti, sai an yi tafiya mai nisa a babur kafin a kai ƙaramin asibitin da ke duba mu. Shekara uku da suka wuce aka ce kowane ƙauye ya ba da mutum ɗaya da zai riƙa sa ido kan lafiyar jama'a, aikin sa kai. Da yake na ɗan taɓa boko, mata suka nuna ni, mai gari ya amince. Na yi mako guda ana koya mana aiki, aka ba ni jaka, da littafin rubuta marasa lafiya, da lambar wayar jami'in lafiya na yankinmu. Ina bi gida-gida ina tuna wa masu ciki ranar awo, ina duba katin rigakafin yara, ina koya wa uwaye haɗa ruwan gishiri da sukari. Har suna na samu, 'Yar Jaka, yara ma haka suke kirana. Abin da aka fi nanata mana a wurin koyarwa guda ne: duk ranar da muka ga babban mutum yana amai da gudawa kamar ruwan da aka wanke shinkafa, a ranar za mu kira, ba gobe ba. Har sa mu aka yi muka maimaita da baki kamar 'yan aji ɗaya, muna dariya.

Gidanmu babba ne. Mu muna sashe ɗaya, yayan maigidana da iyalinsa suna ɗaya, ɗakin surukata, wadda duk muke kira Inna, yana tsakiya. A bayan ɗakinta akwai rijiya. Marigayi surukina ne ya haƙa ta tun kafin a haifi maigidana, ya fasa katanga ya yi ƙofa ta waje don maƙwabta su riƙa shigowa ba sai sun yi sallama ba. Rabin unguwarmu nan suke ɗiba, don famfon gari yana can bakin makaranta, ga nisa ga layi. Inna kullum da safe ita ke share bakin rijiyar da hannunta, ba ta yarda jika ya karɓi tsintsiyar. Takan ce duk gugan da aka ja, lada ne ke isa ga maigidanta a kabari. Kuma Gwaggo, ban taɓa ganin suruka irin Inna ba. Da na haifi ɗana na uku jini ya ɓalle mini, wata biyu ba na iya ɗaga buta. Ita ta yi mini wanka, ita ta goya jaririn, ita ta riƙa ba ni abinci a baki. Ban san uwata ba, ta rasu ina ƙarama. Inna na sani.

Bara Yaya ya haƙa sabuwar salga a sashensa, don tsohuwar ta cika. Na je na auna da ƙafata, taku tara ne tsakaninta da rijiya. Na same shi da ladabi na ce an koya mana kada salga ta kusanci ruwan sha haka. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce an rataya mini jaka na zama likita, saura in fara yi wa mutane tiyata da almakashin ɗinki. Maigidana ya ja ni gefe ya ce in bar zancen, Yaya ba ya son a gyara masa magana a gaban iyalinsa. Na bari. Ko a littafina ban rubuta ba.

A daminar nan aka yi wani ruwa na kwana biyu ba ɗaukewa. Gefen salgar ya zabtare, ruwa ya kwanta a bayan gidan yana wari. Yaya ya zuba ƙasa ya rufe, aka ci gaba da harka. Bayan kwana huɗu facalata, matar Yaya, ta kwanta. Da na shiga na ga abin da ke cikin kwanon da aka ajiye mata, ban buƙaci kowa ya gaya mini ba. Idanunta sun faɗa, na tsunkuli fatar hannunta ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Kafin azahar babbar 'yarta ma ta fara. Na fito tsakar gida na ciro waya. Inna ce ta riƙe mini hannu. Tsohuwar nan, Gwaggo, durƙusawa ta yi a gabana cikin taɓo, ta ce:

"'Yata, in kika kira su toshe rijiyar nan za su yi. Duk garin nan za a ce rijiyar babanku ce ta kashe mutane. Ki rufa masa asiri, ba shi da bakin da zai kare kansa."

Yaya kuma ya ce ciwon ciki ne na sabon ruwa, kowace shekara ana yi, tun da ina da magani a jaka in yi aikina a gida in bar tara musu jama'a. Maigidana yana tsaye, ya dai sunkuyar da kai. Na mayar da wayar cikin jaka.

Na tsaya a kan facalata da 'yarta, ina ɗura musu ruwan gishiri da sukari cokali-cokali, kuma Allah ya tashi kafaɗunsu. Na roƙi Yaya a rufe ƙofar waje, a ce igiyar guga ce ta tsinke, ya ƙi, wai mutane za su fara tambaya. Na ce wa kaina ai ban tabbata rijiyar ba ce, ai wataƙila a kasuwa ta kwaso. Amma ga abin da ya sa na san ƙarya nake yi wa kaina. A ranar na zubar da ruwan randata kaf, na wanke ta da sabulu. Na hana 'ya'yana kusantar rijiyar, na sa suna zuwa famfon makaranta, wanda suka kawo ma sai na tafasa. Nawa 'ya'yan na tsare, Gwaggo. Na wasu ban ce komai ba.

Katanga ɗaya ce tsakanina da ƙawata, mai kitson unguwarmu. Tare aka kawo mu garin, a wata guda. Ta san abin da ke ƙasan akwatina, na san nata. Babbar 'yarta shekararta tara, muna ce mata Sarkin Surutu, don in ta zauna kusa da keken ɗinkina ba ta yin shiru sai na kore ta. Ita ke tsince mini ƙyallayen da suka zuba tana ɗinka wa 'yar tsanarta riga. Washegarin ranar da facalata ta kwanta, da hantsi, na fito zubar da shara na gan ta ta fito daga ƙofar rijiya da bokiti a ka, ruwa yana zuba mata a wuya. Ta gaishe ni. Ta tambaye ni ko na gama mata rigar makaranta. Na ce saura hannu ɗaya. Na bi bokitin da ido har ta shige gidansu. Kalma uku kawai ta isa, in ce zubar da shi. Na ji maganar ta taho har maƙogwarona, sai na hango Inna zaune a ƙofar ɗakinta tana kallona, na haɗiye.

Kwana na uku da yamma ƙawata ta leƙo ta katanga ta ce yarinyar tana gudawa tun safe, ta ba ta jiƙo bai tsaya ba. Da na shiga, Sarkin Surutu tana kwance a tabarma ba ta iya ko ɗaga kai, leɓenta ya bushe, muryar nan tata ta koma kamar ta tsohuwa. Duk abin da na ɗura mata dawowa yake. A nan na kira jami'in, a tsakar gidansu. Ya ce a taho da ita maza, shi ma ga shi nan tafe. Babanta ya samo babur, uwar ta rungume ta a baya. Ruwa ya cinye hanya a wurin kwari, sai da suka sauka suka ratsa da ƙafa, uban yana ɗauke da ita a kafaɗa. Ba su kai asibiti da ita ba. Rigar makarantar tana nan a ƙasan kwandon ɗinkina da hannu ɗaya, na kasa ƙarasawa, na kasa yarwa.

Washegari ma'aikatan lafiya suka iso. Aka mayar da aji biyu na makaranta wurin jinya, aka rataya ledojin ƙarin ruwa a jikin tagogi. Suka ɗebi ruwan rijiyarmu suka tafi da shi, suka dawo suka ce ita ce. Aka ɗora mata murfin ƙarfe aka sa kwaɗo. Ban taɓa ganin garinmu ya haɗa kai kamar lokacin ba. Mai gari ya tara kowa, aka raba aiki. Maza suka yashe kwatoci suka gyara hanyar kwari da duwatsu. Mata muka kasu unguwa-unguwa, muna bi gida-gida da maganin tsaftace ruwa, muna duba randuna, muna nuna yadda za a wanke hannu da yadda za a yi da kayan mara lafiya. Mahauci da kansa ya rufe rumfarsa na mako biyu ba wanda ya sa shi. Masu babur suka yi layi a ƙofar makaranta don ɗaukar duk wanda ya faɗi. Ni kuwa na yi aiki kamar mahaukaciya, na wanke aman mutanen da ko gaisawa ba ma yi. Bayan mako uku cutar ta lafa. Mutum bakwai muka binne, huɗu yara ne, kuma biyar daga ciki masu shan rijiyarmu ne.

To ga inda abin ya juye mini. Kowa a gari ya ɗauka ranar da na gani, ranar na kira. Yabona ake yi. Jami'in ya ce a gaban jama'a da kowane ƙauye yana da irina da an huta. Tsofaffi suna tare ni a hanya suna sa mini albarka. Ƙawata kuwa kusan kullum sai ta shigo ta zauna inda 'yarta ke zama. Ta rame, ta daina kitso. Takan ce da ba don ni ba da ƙannen yarinyar ma sun bi ta. Abin da ya fi kashe ni, kanta take zargi. Rannan ta ce da ni:

"Ni na kashe ta. Tun safe take yi, na tsaya ba ta jiƙo. Da na leƙo na kira ki da wuri, da tana nan tana damun ki da surutu."

Na rungume ta ina cewa ta daina faɗin haka, kwana ne ya ƙare. 

A cikin gida kuma ni ce bare. Yaya ba ya amsa gaisuwata. Facalata, wadda na wanke wa jiki, tana kau da kai in mun haɗu. Inna ba ta zage ni ba, amma ta daina shiga ɗakina, kuma ta tsufa a wata biyu kamar an ƙara mata shekara goma. Har yanzu tana share bakin rijiyar.

Yanzu famfon makaranta ya fara ba da wahala, sai a yi ta bugawa kafin bokiti ya cika, mata suna yini a layi. Mako biyu da suka wuce na tashi na ga an fasa kwaɗon rijiya, an mayar da shi a rataye don kada a gane. Yaya ya ce wai na wanki ne kawai. Daga gidanmu aka fara, yanzu gida huɗu ke shigowa, kuma da idona na ga ana wanke kwanonin abinci da ruwan, na ga yaro ya kafa baki a guga. Salgar tana nan inda take, ana shiga. Na sami Yaya na ce wannan karon ba zan yi shiru ba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce in je in faɗa, shi kuma zai tashi a gaban gari ya gaya musu kwana nawa na yi da sani kafin in kira, da inda 'ya'yana suke ɗibar ruwa a kwanakin, a ga ko mai kitso za ta sake shiga ɗakina. Maigidana ya ce ya gaji, uwarsa ba za ta iya ɗaukar wani tozarcin ba, in na sake jawo wa gidansu taro to in san inda zan nufa.

Nan da 'yan kwanaki za a yi taron gari. Mai gari ya aiko cewa ni za a ba shugabancin kwamitin lafiya da za a kafa. Gwaggo, ya zan yi? In na yi magana, na rasa ƙawata, na rasa mutuncina, wataƙila da aurena, 'ya'yana su tashi ana nuna su. In na yi shiru, ina jiran ranar da za a sake ɗauko wani yaro a kafaɗa. Wani lokaci nakan ce in mayar musu da jakarsu in ce ciwon baya ya hana ni yawo, in koma kan kekena. Shin ni na kashe yarinyar nan? In gaya wa uwarta, ko faɗar ma wani zaluncin ne a kanta? Ki gaya mini gaskiya ko da za ta yi mini ɗaci, ba ni da wanda zan tambaya.

Taki,
Mai ɗinki a wani ƙauye

*

'Yata,

Wasiƙu da yawa sun riga taki isowa, na tsallake su na sa taki a gaba, saboda a cikin duk abin da kika rubuta akwai abu guda da ba zai jira taron gari ba. Rijiyar nan a buɗe take. Ki ajiye jaridar nan ki kira jami'in lafiya yau. Kafin ya iso, ki shiga gidaje huɗun nan da ƙafarki ki gaya musu kada su sha, kada su wanke kwano, kada su yi girki da ruwan, wanda ke randa a zubar. Ba kya buƙatar izinin Yaya kafin ki gaya wa maƙwabciya abin da zai tsare mata ɗa. Duk sauran maganar da zan yi tana bayan wannan.

Kin tambaye ni ko ke kika kashe yarinyar. Ba zan ce miki e ba, don ban sani ba, ke ma ba ki sani ba. Tana shan ruwan nan tun ranar da salgar ta zabtare, mai yiwuwa cutar ta riga ta shige ta kafin facalarki ta kwanta. Amma ba zan ce miki ba ki da laifi ba, kin roƙe ni gaskiya. Kin san abin da kika gani, kin tsare naki, kin bar na wasu. Da kin kira a ranar farko, da ma'aikata da ƙarin ruwa suna cikin gari lokacin da ta faɗi, ba sai an ratsa kwari da ita ba. Wannan nauyi ne na gaske, kuma za ki daɗe kina ɗauke da shi. Sai dai ba ke kaɗai ba ce a tsakar gidan nan ranar. Akwai wanda ya haƙa salgar bayan an gargaɗe shi, ya kuma hana a rufe ƙofa. Akwai mijin da ya sunkuyar da kai. Ki ɗauki rabonki cikakke, kada ki haɗa da nasu.

Inna kuma ban ga muguwar mace a cikin labarinki ba. Na ga tsohuwar da ke tsoron a ɓata sunan mijinta, ta roƙi abin da bai kamata a roƙa ba, wurin wadda ba ta iya ce mata a'a. Ina jin ita ma tana ƙirga mutum bakwai ɗin nan a zuciyarta, shi ya sa ta kasa haɗa ido da ke. Ki shiga ɗakinta ki zauna. Ki gaya mata mai rijiyar ya haƙa ta ne don mutane su rayu, kuma ba rijiyarsa ce ta lalace ba, salgar ɗansa ce ta lalata ta. Ki tambayi jami'in a gabanta ko rijiyar za ta gyaru: a cike salgar a haƙa wata can nesa, a yashe rijiyar, a ɗaure bakinta da siminti, a zuba magani, a sake gwada ruwan. Shi zai faɗi ko zai yiwu, ba ni ba, ba Yaya ba. In zai yiwu, to aiki ne na gari duka, tun da gari duka ya sha. Mutanen da suka gyara hanyar kwari da duwatsu ba za su kasa wannan ba, haka ma gyaran famfon makaranta, don matan da ke yini a layi ba don taurin kai suke komawa rijiya ba.

Barazanar Yaya tana da ƙarfi ne kawai muddin ke ba ki faɗa da bakinki ba. Ki riga shi. Ki fara da jami'in, ki gaya masa ranar da facalarki ta kwanta da ranar da kika kira. Ba ke ce ta farko da dangi suka danne wa hannu ba, ya san irin wannan. Daga nan ku je wurin mai gari tare. Ki kuma lura, duk ranar da Yaya ya tashi ya ce kin yi kwana uku da sani, ya gaya wa gari ke nan cewa shi ma ya sani.

Maganar ƙawarki ita ce mafi wuya, kuma na daɗe ina juya ta. Akwai masu cewa a bar mai makoki da abin da ta sani, kada a ƙara mata wani ciwon. Da zan iya yarda da su in da abu biyu ba su kasance ba. Tana zaune tana cewa ita ta kashe 'yarta, ke kuma kina riƙe da abin da zai rage mata wannan. Sannan maganar nan za ta fito, ko daga bakinki ko daga bakin mai son ya ƙona ki da ita, a tsakiyar taro. Ki je gidanta kafin ranar, tare da wata dattijuwa da ku biyun kuke girmamawa. Ki faɗa a taƙaice, kada ki kawo Inna ko Yaya a matsayin uzuri. Kada ki nemi ta yafe miki a zaman, kada ki yi kukan da zai sa ita ta koma rarrashinki. Tana iya zaginki, tana iya rufe miki ƙofa shekara da shekaru, tana iya ƙin sake kallonki har abada. Haƙƙinta ne. Ba zan yi miki alkawarin za ki same ta kamar da ba.

Maigidanki ki same shi ku biyu kafin ki je wurin mai gari, kada ya ji a waje. Ki gaya masa abin da za ki yi, ba shawara kike nema ba, kuma kin fi son ya raka ki. Ki tuna masa 'ya'yansa huɗu suna wasa da yaran gidajen nan, kwano ɗaya suke sa hannu. Mai yiwuwa maganar da ya yi ta gajiya ce, mai yiwuwa kuma da gaske yake. Saboda haka ki sanar da wani babba a danginki halin da ake ciki tun yanzu, don kada abu ya taso ki rasa mai tsaya miki.

Jakar kuwa kada ki mayar. Shugabancin ne ba za ki karɓa ba sai waɗanda za su ba ki sun san abin da ya faru. In sun sani suka ce ke suke so, ki karɓa. In sun ba wani, ki yi aiki a ƙarƙashinsa ba tare da ƙorafi ba. Ko wane ne ya hau, ki nace a kan abu ɗaya: kada a sake ɗora wa mutum guda kiran nan. An ɗauki lafiyar gari duka an rataya a wuyan mace ɗaya da ke aure a gidan wasu, aka bar ta ta fuskanci surukanta ita kaɗai. A sa mutum uku ko huɗu daga unguwanni daban-daban, maza da mata. A rubuta lambar jami'in a bangon makaranta da bakin kasuwa, a sanar cewa kowa yana iya kira ba sai ya faɗi sunansa ba. A kuma yi magana a fili cewa gidan da cuta ta fara ɓulla ba gidan abin kunya ba ne, don tsoron bakin mutane ne ya sa tsohuwa ta durƙusa a taɓo.

Kwanakin da ke gabanki masu nauyi ne, 'yata, wasu za su juya miki baya, ciki har da waɗanda suka sa miki albarka jiya. Ki daure. Allah ya jiƙan yarinyar nan da sauran shidan, ya ba iyayensu haƙuri, ya sanyaya zuciyar Inna, ya tsare yaran garinku. Ke kuma ya ba ki ƙarfin faɗar abin da kika sani. Yanzu tashi ki kira.

Gwaggonku